Kazi Salahuddin: Tauraron Dhaka da Iyakar Haskensa

Ranar 21 ga Satumba 1982, ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa biyun da suka raba Dhaka, babban birnin Bangladesh, gida biyu, Abahani da Mohammedan, suka gwabza a babban filin wasa na birnin. Mohammedan na gaba da ci ɗaya. Can wasa ya yi nisa, sai 'yan Abahani suka rantse cewa wata ƙwallo da suka buga ta tsallake layi kafin mai tsaron gida ya cafe ta, alƙalin wasa kuma ya ce bai ga haka ba. Nan take rigima ta kaure, daga cikin fili har zuwa kujerun 'yan kallo. A wani lokacin daban, da tara ko dakatarwa ta wasu makonni an kashe maganar. To amma a watan Maris na wannan shekarar Janar Hussain Muhammad Ershad ya ƙwace mulki, ƙasar tana ƙarƙashin dokar soja. Aka kwashi 'yan wasan Abahani, kotun soja ta ɗaure huɗu daga cikinsu: Kazi Anwar, da Golam Rabbani Helal, da Ashrafuddin Chunnu, da Kazi Salahuddin. Hukuncin ya kama daga wata guda zuwa shekara guda, aka kai su gidajen yarin Jessore da Rajshahi, nesa da idon mutanen Dhaka. Ba su cinye wa'adin ba. Bayan kwana 17 aka sake su, domin ƙorafin jama'a ya fi ƙarfin a toshe kunne.

Gwamnatin soja ba ta ɓata lokacinta kan abin da ba shi da nauyi. Idan har ta ga ya dace ta gurfanar da 'yan ƙwallo a kotunta, sannan ta ga ya dace ta sake su da wuri, to ƙwallon ƙafa a Dhaka ta wancan zamani ta wuce wasa. Kuma a cikin mutum huɗun nan, Salahuddin ne sunan da ko wanda bai taɓa shiga filin wasa ba ya sani. Shekarunsa goma sha shida a fagen tamaula, daga 1968 zuwa 1984, sun zo daidai da haihuwar ƙasar da ƙuruciyarta. Wanda ya bi sawunsa a waɗannan shekaru zai ga yadda wasan ya kai ƙololuwa a cikin birni guda, zai kuma ga dalilin da ya sa wannan girma bai taɓa tsallake iyakar ƙasar ba.

An haife shi a Dhaka lokacin ana kiran yankin Gabashin Pakistan, a gidan masu rufin asiri. Wannan ba ƙaramin bayani ba ne, domin a lokacin 'ya'yan masu hali sun fi karkata ga wasan kurket, shi ma ya taɓa shi yana yaro. Ya fara da ƙaramar ƙungiyar Dilkusha a 1968, a rukuni na biyu, ya koma Wari a 1969, daga nan Mohammedan ta ɗauke shi a 1970. Mohammedan, mai baƙi da fari, wadda aka kafa tun 1936, ita ce giwar gasar Dhaka. Sai dai manyan taurarin gasar a shekarun 1960 da yawansu ba 'yan Bengal ba ne, wato ba 'yan asalin yankin ba. Daga Karachi suke zuwa, daga unguwar Lyari musamman, irin su Abdul Ghafoor da Turab Ali, su buga kakar wasa su karɓi kuɗinsu. Ga kuma gasar Kofin Zinare na Aga Khan da ake yi a Dhaka tun 1958, wadda ke kawo ƙungiyoyi daga Indunusiya da Sri Lanka da Iran da sauransu. Yaron da ya tashi a wannan yanayi ya ga ƙwallo mai kyau da idonsa, amma sau tari baƙi ne ke buga ta.

Sai yaƙin neman 'yancin kai ya zo. A daren 25 ga Maris 1971 sojojin Pakistan suka afka wa Dhaka, mutane kusan miliyan goma suka tsallaka Indiya gudun hijira, shugabannin Bengal suka kafa gwamnatin gudun hijira wadda ake kira ta Mujibnagar. A cikin wannan hargitsi aka tattara 'yan ƙwallon da suka tsere, aka kafa ƙungiya mai suna Shadhin Bangla, wato Bengal mai 'yanci. Zakaria Pintoo ne kyaftin, Pratap Shankar Hazra mataimakinsa, Nani Basak ke horarwa. Aikinsu shi ne su zaga garuruwan Indiya suna wasa, su tara kuɗi su miƙa wa asusun yaƙi, su kuma sa duniya ta ji sunan ƙasar da ba a riga an amince da ita ba. Wasansu na farko a Krishnanagar ne, a gundumar Nadia, a ƙarshen watan Yuli. Indiya ba ta amince da Bangladesh a hukumance ba sai a Disamba, don haka masu shirya wasan suka yi ta ja da baya kan batun tuta. 'Yan wasan suka kafe, aka zaga fili da tutar, aka tashi biyu da biyu. Gaba ɗaya wasa 16 suka buga a Indiya. Mai bin tarihin Afirka zai tuna da ƙungiyar da 'yan gwagwarmayar Aljeriya suka kafa a 1958, wadda su Rachid Mekhloufi suka bar Faransa suka shiga. Bambancin shi ne 'yan Aljeriya ƙwararru ne da suka bar albashi mai tsoka, waɗannan kuwa yawancinsu samari ne da suka bar iyaye a hannun abokan gaba.

Salahuddin yana cikin mafi ƙanƙantarsu, bai kai shekara ashirin ba. Da sunan aro ya riƙa bugawa, Turjo Hazra, don kada labari ya koma Dhaka a taɓa danginsa. Ina ganin a nan ne tushen matsayinsa yake. Daga baya an yi 'yan gaba da suka fi shi cin ƙwallaye a kaka guda, amma ba wanda zai iya sake buga wasa a madadin ƙasar da ba ta wanzu ba tukuna.

Yaƙi ya ƙare ranar 16 ga Disamba 1971. 'Yan wasan Karachi ba su dawo ba, gurbin taurari ya zama fanko, ga jama'a da suka sha wuya suna neman abin da za su yi alfahari da shi. A watan Mayun 1972 babbar ƙungiyar birnin Kolkata na Indiya, Mohun Bagan, ta kawo ziyara, zaɓaɓɓun 'yan wasan Dhaka suka doke ta da ci ɗaya mai ban haushi. Salahuddin ne ya ci. A wajen mutumin Dhaka, wanda ya tashi yana jin labarin ƙwallon Kolkata kamar labarin wata duniya, wannan ƙwallo guda ta fi kofi.

A shekarar ce kuma Sheikh Kamal, babban ɗan jagoran ƙasar Sheikh Mujibur Rahman, ya kafa Abahani a unguwar Dhanmondi. Matashi ne mai son zamani, yana son ƙungiyar da za ta bambanta da tsofaffin ƙungiyoyi a sutura da horo da salon wasa. Abokin Salahuddin ne, ya janye shi daga Mohammedan. A 1974 ya kawo koci ɗan ƙasar Ireland, William Hart, abin da ba a saba gani ba a ƙungiyoyin ƙasar, kuma a wannan shekarar Abahani ta ɗauki kofin lig ɗinta na farko, shekara biyu kacal da kafuwa. Tsohon salon Dhaka na doguwar ƙwallo ne, a ɗaga ta sama a bi ta da gudu. Abahani ta zo da gajeren fasin a ƙasa. Salahuddin, da doguwar sumarsa da riga mai lamba goma, shi ne fuskar wannan sabon abu. Samari suka fara tara gashi irin nasa. Iyayen da a da ke ganin ƙwallo sana'ar marasa aikin yi ce suka ga ɗan gidan mutunci yana yin ta, ana kuma girmama shi.

Alƙaluman cikin gida ba su da gardama. Sau huɗu yana zama wanda ya fi kowa zura ƙwallo a gasar Dhaka: 1973, da 1977, da 1979, da 1980. A 1973 ƙwallo 24 ya ci. Abdus Salam Murshedy na Mohammedan ya zo ya ci 27 a 1982, amma shi sau ɗaya ya yi irin wannan kaka, Salahuddin kuwa ya shafe shekara goma ana jin tsoronsa. Da shi Abahani ta ci lig a 1974, da 1977 ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba, da 1981, da 1983, da 1984.

Tsakanin waɗannan shekaru akwai 1975, shekarar da ta kusa rusa komai. Ranar 15 ga Agusta wasu hafsoshin soja suka kashe Sheikh Mujib da mafi yawan iyalinsa, har da Sheikh Kamal. Abahani ta wayi gari marainiya, kuma ana yi mata kallon ƙungiyar gidan da aka hamɓarar. A wannan tsakanin Salahuddin ya tafi Hong Kong ya buga wa Caroline Hill, ya zama ɗan Bangladesh na farko da ya buga ƙwallon ƙwararru a waje. Gasar Hong Kong ta koma ta ƙwararru tun 1968, tana kuma ɗaukar 'yan wasa daga Birtaniya, saboda haka ba ƙaramin mataki ba ne. Kaka ɗaya ya yi ya dawo gida. Abin lura shi ne ƙofar da ya buɗe ba ta zama hanya ba. Waɗanda suka fita bayansa, irin su Monem Munna a farkon shekarun 1990, Kolkata suka nufa, maƙwabciya mai harshe ɗaya da su. Mene ne zai fitar da tauraro daga Dhaka, inda filin wasa ke cika maƙil saboda shi, a kai shi inda zai zama ɗaya daga cikin baƙi?

Yanzu a juya ga rigar ƙasa, inda labarin ya sauya launi. Bangladesh ta buga wasanta na farko na ƙasa da ƙasa a watan Yulin 1973, a gasar Merdeka ta Maleshiya, da Tailan. Aka tashi biyu da biyu. Enayetur Rahman ya ci ta farko a tarihin ƙasar, Salahuddin ya ci ta biyu. Ya riƙe kambun kyaftin a Merdeka ta 1975. A 1979 aka yi wasannin share fage na Kofin Asiya a Dhaka, Bangladesh ta haye tare da Katar, ta bar Afganistan a baya. A Kuwait, a watan Satumban 1980, wasan farko ya ba da fata: Koriya ta Arewa ta yi nasara da ci uku da biyu, Salahuddin ya ci ta bugun fenareti, Chunnu ya ƙara. Siriya ta ci su ɗaya da nema. Daga nan ruwa ya ƙare wa ɗan kada: Iran ta zuba musu bakwai, China ta zuba shida. Ƙwallo biyu suka ci, aka ci su 17. Har yau wannan ce kaɗai halartar tawagar maza ta Bangladesh a Kofin Asiya.

Ga mutanen da ke cika fili a gida, ga kuma bakwai da nema a waje. Bayanin da ya fi gamsar da ni yana cikin abin da ya faru kafin Wasannin Asiya na Bangkok a 1978. An naɗa Monwar Hossain Nannu na Abahani kyaftin, sai hukuma ta sauya ra'ayi ta ba mai tsaron gidan Mohammedan, Shahidur Rahman Shantoo. 'Yan Abahani bakwai, har da Salahuddin, suka janye daga tawagar. Ragowar suka tafi Bangkok, Maleshiya ta ci su ɗaya, Indiya ta ci su uku, suka dawo ba su ga raga ba. Mutumin da ya sa ransa cikin haɗari saboda tuta a 1971, shi ne bayan shekara bakwai ya ajiye rigar ƙasa saboda rigimar kulob. Ba na faɗin wannan don in ci zarafinsa. A Dhaka ta lokacin, nan ne nauyi yake. Kuɗi na wajen kulob, jama'a na wajen kulob, siyasa ma na wajen kulob, tunda ana danganta Abahani da gidan Mujib da jam'iyyar Awami League, ko da yake magoya bayanta sun fi haka faɗi. Ranar wasan hamayya unguwanni kan rataya tutocin ƙungiyoyin biyu a kan rufin gidaje. Tawagar ƙasa kuwa taro ne na ɗan lokaci, a haɗa mutanen da jiya suke harar juna, a ce su zama 'yan'uwa kafin jirgi ya tashi.

Akwai kuma yadda gasar kanta take. Sunanta gasar Dhaka, kuma haka take a zahiri: ƙungiyoyin birni ɗaya, mafi yawan wasanni a fili ɗaya, tun daga 1948. Ƙasa mai mutane sama da miliyan 70 a lokacin 'yanci ba ta da gasar ƙwararru ta ƙasa baki ɗaya sai a 2007. Yaro mai baiwa daga Khulna ko Sylhet ko Chittagong, in bai zo Dhaka ba, babu shi. Idan aka duba jerin zakaru daga 1974 zuwa ƙarshen shekarun 1980, in ban da 1979 da BJMC ta ɗauka, kofin bai bar hannun Abahani da Mohammedan ba. Ɗan gaba irin Salahuddin wasanni ƙalilan ne a shekara ke gwada shi da gaske. Sauran kuwa ya san masu tsaron bayan, ya san filin, ya san inda ƙwallo ke tsalle idan damina ta jiƙa ƙasa. Wanda ya saba da wannan, ranar da ya tsaya gaban 'yan bayan Iran, waɗanda shekara biyu kafin nan suka buga Kofin Duniya a Ajantina, dole ya ga bambanci.

Ya rataye takalmansa a 1984, yana da kimanin shekara talatin, Abahani na riƙe da kofi. Shekarar da ta biyo baya ya dawo a matsayin koci, ya ci lig na 1985, wanda ya cika wa ƙungiyar uku a jere. Ya horar da tawagar ƙasa a rabi na biyu na shekarun 1980, daga baya ya riƙe ƙungiyar Muktijoddha. A lokacin gasar Dhaka na da kuɗin da za ta jawo baƙi masu suna: Samir Shaker da Karim Allawi, waɗanda suka buga wa Iraƙi Kofin Duniya na 1986, sun sa rigar Abahani, shi kuma Emeka Ezeugo na Najeriya ya buga wa Mohammedan kafin ya je Amurka da Super Eagles a 1994. A 1996 gwamnati ta ba Salahuddin lambar yabo ta Ranar 'Yanci, mafi girma da ake ba farar hula a ƙasar.

Shekara guda bayan wannan lambar, tawagar kurket ta Bangladesh ta ci kofin ICC, wato hukumar kurket ta duniya, a Maleshiya. A 1999 ta doke Pakistan a Kofin Duniya na kurket, a 2000 ta shiga sahun manyan ƙasashen wasan. Kurket ta ba jama'a abin da ƙwallon ƙafa ta kasa ba su cikin shekara ashirin da biyar: ganin tutarsu tana cin nasara a gaban duniya. 'Yan kallo suka bi, kamfanonin talla suka bi. Talabijin kuma ya kawo gasannin Turai har cikin ɗaki, sai wasan Abahani da Mohammedan ya koma ana yin sa gaban kujeru wayam. Son ƙwallo bai mutu ba, ya dai sauya alƙibla. Duk lokacin Kofin Duniya tutocin Ajantina da Brazil ne ke kan rufin da a da ake rataya na ƙungiyoyin gida.

A wannan hali aka zaɓi Salahuddin shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasar a watan Afrilun 2008, da fatan wanda ya ga zamanin cikar fili zai san hanyar dawo da shi. Ya yi wa'adi huɗu, shekara 16, ya kuma shugabanci hukumar ƙwallon Kudancin Asiya tun daga 2009. Gasar ƙwararru ta samu tsayuwa a zamaninsa, ana yin ta kusan kowace shekara. Tawagar mata ta ci kofin Kudancin Asiya a 2022, ta sake ci a 2024. Ta maza kuwa kofin yankin da ta ci a 2003 shi ne na ƙarshe. A watan Oktoban 2016 Bhutan ta doke ta da ci uku da ɗaya a Thimphu, a 2018 ta faɗo ta 197 a jerin FIFA. A 2023 FIFA ta dakatar da babban sakataren hukumar, Abu Nayeem Shohag, na shekara biyu kan amfani da takardun bogi wajen kashe kuɗin da take bayarwa. Matasan da ba su taɓa ganin Salahuddin da ƙwallo a ƙafa ba suka riƙa kiran ya sauka a Facebook. Bayan faɗuwar gwamnatin Sheikh Hasina, 'yar Sheikh Mujib, a Agustan 2024 ya ce ba zai sake takara ba, Tabith Awal ya gaje shi a watan Oktoba.

Masu kallon ƙwallo a Najeriya sun taɓa leƙa filin da duk wannan ya faru, ko da ba su sani ba. Ranar 6 ga Satumba 2011 Super Eagles ta Samson Siasia ta buga wasan sada zumunta da Ajantina a Dhaka, a tsohon filin nan, wanda a lokacin ake kira Bangabandhu. Hukumar Salahuddin ce ta karɓi baƙuncin wasan. Messi ne kyaftin, Higuain da Di Maria suka ci, Chinedu Obasi ya rama ɗaya, sannan Elderson Echiejile ya ci gida, aka tashi uku da ɗaya. Dubban mutane suka biya tikiti mai tsada suka yi ta ihu kamar a 1982, Salahuddin na zaune a rumfar manyan baƙi, kuma a cikin 'yan wasa 22 da ke fili babu ɗan Bangladesh ko ɗaya.